Wadda Za Ta Kwana a Garke

Saura kwana biyu suna aka kwance ragon.
Igiya kaɗai suka bar mini a turke,
da sawun takalmin roba ya gangara fadama.
Na ranto kuɗi wurin Ilu mai taki,
na jawo wani ramamme daga kasuwa,
aka raɗa wa yarinya Hansatu
mahauci na fiɗa yana danne dariya.

Daren nan na ce da Tasalla zan kawo kare.
Tana bakin gado, ƙamshin darbejiyar wanka bai bar jikinta ba.
Ta ce, "Kare? Cibiyar 'yar nan ko bushewa ba ta gama ba.
Ka manta ɗan gidan Barau
da aka goya a babur zuwa Ringim, ƙauri yana zuba?"
Ban manta ba.
Na zuba wa kunun kanwa ido har ya yi fata a ƙwarya.

Ɗan yayata da ke gadi a Kano ya bugo waya,
wai akwai irin na 'yan sanda, ƙato kamar maraƙi.
Na tambayi cimarsa, ya lissafo,
na ce to ni da shi wa zai yi wa wani noma?

Sai na taka wurin Jatau, tsohon maharbi,
can bayan kukar da tsawa ta raba biyu.
Na nuna baƙin da ke ɗaure, ciki kamar an ja tsirkiya.
Ya girgiza kai: "Wannan duk abin da ya motsa zomo ne,
mai rarrafe kuwa motsi ne sana'arsa."

Ya ce, "Bar kallon 'ya'yan, kalli uwa."
Wata ja ce, kunne guda a yage,
kwance a inuwar rumbu, jikokinsa na tsalle a kanta.
Ɗaya ya taka mata wutsiya,
ta tashi, ta miƙe, ta sake inuwa.
Ya sa hannu ya janye kaskon gabanta,
ta bi kaskon da kallo, ba ta ko ɗaga leɓe ba.

Sannan ya saki tasa a ƙasa, ƙwarang!
Kwikwiyo ɗaya ya shige ƙarƙashin rumbu,
ɗaya ya tsaya yana gurnani da haƙoran nono,
ta ukun ta razana, ta ja baya,
can kuma ta dawo tana shinshina tasar.
Ya ce, "Ga taka.
Mai tsoro cizo yake, mai faɗa cizo yake,
ka ɗauki wadda ke tambaya.
A yi mata allurar hauka kafin ta san ƙofarka.
Kuma ji nan, ko haƙurinta ya kai na damo,
haƙori haƙori ne.
Kada a bar ta da jinjira
ko na tsawon ɗibar ruwa a randa."

Liman ya ce mai tsaron dabbobi ba laifi,
amma ɗaki ba nata ba ne, kaskonta daban.
Na kafa sabuwar zana tsakanin garke da tsakar gida,
na ƙara mata kyaure da sakata.

Tasalla ta yi wata guda ba ta dubi wajen ba.

Jiya da tsakar dare Hansatu ta tsala kuka.
Na leƙa ta zana: jar ta ɗaga kai,
ta saurara, ta mai da haɓa kan ƙafafunta,
fuskarta tana wajen fadama.
Da safe na tarar da ƙanzo jiƙe a kaskon,
ni kuwa ban zuba ba.
Tasalla na shanyar tsummoki, ba ta juyo ba, ta ce,
"Sunanta Sai-mun-gani.
Ka ja kyauren nan da kyau in za ka fita."